Lambobin da Safwan Ya Rubuta

Ranar Talata ce, tsakiyar damina. Tun asuba ake ruwa, irin mai sanyi wanda ba tsawa ba iska, bai ɗauke ba sai da hantsi ya yi. Da na fito daga ɗaki na tarar da Baba a zaure, tsaye a gefen babur ɗinsa, yana goge gilashin mita da hannun rigarsa. Ya goge, ya duba, ya sake gogewa. Na gaishe shi ya amsa bai ɗago ba. Na matso na leƙa, sai na ga raɓar ba a waje take ba, a cikin gilashin take. Kwanon zauren gidan da muke haya a Kaura yana yoyo daidai wurin da ake jingine babur, ruwa ya bi ta bakin zoben ƙarfen da ya riƙe gilashin ya shige ciki. A ƙasan lambar tamanin har tsatsa ta fara fitowa, fentin ya kumbura.

Babur ɗin tsohuwar Honda ce baƙa, irin wadda ake ce wa Rodmasta. Baba ya saye ta tun kafin ya auri Inna, lokacin yana aikin awon auduga. Mitar ita ce agogon nan da ke sama da fitila, mai allura guda da ke nuna gudu. Allurar ta daɗe da tsayawa, kuma ba wanda ya damu da ita, domin ba allurar Baba yake kallo ba.

Lambobin yake kallo. Na kamfani sun koɗe da rana tun ina yaro, sai wana Safwan ya buɗe mitar ya sake rubuta su da farin fenti da tsinken ashana. A lokacin bai fi shekara sha biyar ba, bai kai ga koyon rubutun allunan shaguna da ya zama sana'arsa daga baya ba, don haka lambobin suka fito a karkace, wata ta fi wata ƙiba. A kan sittin ya ɗiga koren fenti, ya ce wa Inna ta gaya wa maigidanta kada allura ta wuce nan.

Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka tare hanya tsakanin Zurmi da Dauran, Safwan yana cikin motar. Bayan 'yan watanni suka shigo ƙauyenmu suka sa wuta. Mun fito da kayan jikinmu da babur ɗin, domin a kansa Baba ya ɗauko Inna. Wayar Safwan da hotunan da ke cikinta sun tafi tun ranar da aka kashe shi. Allunan da ya rubuta a ƙauye sun ƙone, guda ɗaya da ya rage a Zurmi mai shagon ya sayar da shagon, wanda ya saya ya shafe shi da shuɗi. Abin da hannun Safwan ya yi wanda ya rage mana a duniya shi ne abin da ke cikin gilashin nan.

Safwan ɗan fari ne, Baba bai taɓa kiran sunansa ba. In zai aike shi sai ya ce "kai", in zai yi maganarsa sai ya ce "wancan". Bai taɓa zama da shi tabarma ɗaya ba. Ranar zaman makoki mutane na cewa Allah ya ji ƙan Safwan, shi yana cewa Allah ya ji ƙan musulmi. Ban ga hawayensa ba. Amma tun da muka dawo Kaura, kullum bayan ya dawo masallaci sai ya tsaya a zaure ya goge gilashin nan, ya daɗe yana duban sa, kamar mai duba ko akwai ƙura. Mutum zai iya kallon babur ɗinsa gaban kowa, ba wanda zai ce ya rasa kunya.

Na ce, "Baba, in anka bar ruwan ga ciki, cinye lambobin za ya yi."

Ya ci gaba da goge gilashin.

"Bari in buɗe ta in shanya."

Sai a nan ya dube ni. Ya san ni. Na bar makaranta a aji biyu na sakandare, na yi faci na bari, na yi cajin waya na bari, na yi dako a tasha sati uku na ce bayana na ciwo. A lokacin ma maganar tafiya Abuja ce a bakina, kullum ina cewa wata mai zuwa.

Ya ce, "Kai da ba ka iya zama ka ƙare tuwon gabanka?"

"Wanga ina iyawa."

Ya sake duban tsatsar. Daga nan ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini makullin akwatin kayan aikinsa, ya fita.

Na aro ƙaramin sukurdireba wurin mai gyaran rediyo na bakin layinmu. Na kwance fitila, na zare wayar da ke tahowa daga tayar gaba, na kwance noti biyu, mitar ta fito a hannuna. Ta fi yadda na zata nauyi. Na shimfiɗa tsohon zanen Inna a kan tabarma na zauna. Zoben da ya riƙe gilashin lanƙwasa bakinsa aka yi ya kama jikin gwangwanin, sai an bi shi a hankali ana ɗaga shi kaɗan kaɗan, in aka yi gaggawa ya tsage ko gilashin ya fashe. A jikinsa na ga tabon inda Safwan ya taɓa sa nasa sukurdireban, sai na riƙa bin sawunsa. Tun hantsi nake abu ɗaya har aka kira azahar. Inna ta leƙo sau biyu, na biyun ta ce, "Haladu, lahiya kake? Ban taɓa ganin ka zaune wuri guda haka ba sai in zazzaɓi ya kama ka."

Da zoben ya saki, ruwa ya zubo mini a cinya, ja, mai warin ƙarfe. Robar da ke tsakanin gilashi da gwangwani ta ruɓe, tana marmashewa a yatsa. A bayan farantin lambobin zanzaro ya taɓa yin gida, ban san ta inda ya shiga ba.

Gilashin na wanke shi da makilin da tsumma mai laushi har ya koma kamar babu shi. Zoben na goge shi da toka da lemun tsami, ya yi ƙyalli. Gwangwanin na bi shi da sanfefa ciki da waje na shafa masa mai. Na yanko sabuwar roba daga tsohon tiyub. Farantin lambobin kuwa ban yarda ko da ruwa ya taɓa shi ba. Na ajiye shi a inuwa ya sha iska, sannan na tsinto gashin kaza na riƙa share ƙurar da ke kansa, ina riƙe numfashi idan na zo wurin tamanin.

A nan na ga abin da ban san da shi ba. A gefen farantin, wurin da zobe yake rufewa, akwai sawun babban yatsa na farin fenti. Safwan ya riƙe farantin hannunsa da fenti, sawun ya zauna, har zanen fatar yatsan ana gani. Ƙaramin yatsa ne, na yaro.

Da Baba ya dawo daga la'asar na miƙa masa farantin. Ya kai shi bakin ƙofa wurin haske. Ya daɗe. Na ga ya ɗora nasa yatsan a gefen sawun, kusa ƙwarai, amma bai taɓa ba.

Ya ce, "Dubi yadda anka ɓata wurin. Ba a taɓa yin aiki da natsuwa ba."

Ya miƙo mini ya shige cikin gida.

Da na tsaya a nan na mayar da komai na rufe, da shi ke nan. Amma allurar ta tsaya mini a rai. Na ɗiga mata man keken ɗinki a gindi, na jira, na taɓa ta da tsinke, ko motsi. A bayanta akwai wata waya siririya kamar gashi, a nannaɗe, na ji tsoron in matsa ta tsinke. Na ce wa Baba tunda an riga an buɗe, gara a tashe ta gaba ɗaya, allura ta riƙa bin lambobin nan kamar da. Na ga maganar ta shige shi. Ya ce mutum ɗaya ne zai yarda ya ba shi, Tambari.

Kawu Tambari taubashin Baba ne, tare suka tashi. Ya koma Shinkafi tun kafin a haife ni, yana da rumfar gyaran babura a bayan kasuwa, kuma duk yankin an san ba wanda ya kai shi sanin tsofaffin Honda. Ranar Alhamis, ranar kasuwa, muka bi jerin motocin da ke tafiya tare, domin yanzu ba mai bin hanyar shi kaɗai. Baba ya naɗe mitar a rawaninsa ya riƙe ta a cinya har muka isa.

Tun daga nesa Kawu Tambari ya hango mu ya tashi yana tafa hannu.

"A'a! Wa nike gani haka? Bawana ne ya taho gaishe da ubangidanai?"

Baba ya ce, "Rufe mani baki, tsohon banza. Yaushe bawa ya samu rumfa har da benci?"

"Zauna dai kar ka faɗi, ƙafafun ga naka sun zama na kaza. Kulsumu ba ta ba ka abinci ne? In ta gaji da kai ka turo ta, ni ina da wuri."

"Kai da haƙoranka ukku?"

"Huɗu ne, ƙirga da kyau."

Rabon da in ji Baba ya yi dariya har na manta. Kawu ya aika aka kawo fura, ya juyo kaina. "Haladu, kai ne ka yi tsawo haka? Ana nan ana auna titunan Kaura da ƙafa?"

Na ce ana nan.

Baba ya kwance rawanin ya miƙa masa. Kawu ya sa tabarau, ya juya mitar, ya kara ta a kunne ya girgiza. Ya yaba wankin gilashin, ya tambayi wanda ya buɗe zoben bai tsaga ba, da aka ce ni ne ya ce ashe akwai abin da na iya ban da yawo. Ya ce allurar tsatsa ce ta kama gindinta, ba wani abu ba ne, a ba shi zuwa wata Alhamis. Sannan ya kawo farantin kusa da ido ya fashe da dariya.

"To wanga rubutu fa? Kaza ce ta taka fenti ta bi ta kai? Dubi shiddan ga, ta sha kaye ko mi? Dalhatu, wa ya yi maka wanga ta'asa?"

Na buɗe baki. Baba ya dube ni, kallo ɗaya, na rufe.

Ya ce, "Yara ne sunka yi wasa da fenti."

Kawu ya nuna ni da sukurdireba. "Kai ne ko? Na sani. Fuskarka ta nuna."

Na yi murmushi na sunkuyar da kai. Tun rasuwar ba wanda ya ƙara faɗin sunan nan a inda Baba zai ji, ban ga yadda zan fara a rumfar mutane, kasuwa na ci, masu kawo gyara na tsaye ba.

Baba ya ce, "Kai dai ka sa allura ta motsa. Sauran ba wani abu ba ne."

"Na ji, ranka ya daɗe. Bawa ya ba da umarni."

Direbanmu ya fara danna oda tun kafin la'asar, domin ba ya son yamma ta same shi a hanya. Da za mu tafi na koma da baya na ce a hankali, "Kawu, lambobin nan a bar su yadda suke." Baba na tsaye taku kaɗan daga wurin yana gyara hula.

Kawu ya dafa kaina. "Kana son aikinka ya shiga tarihi? To na ji. Tahi kar mota ta bar ku."

A mota na yi niyyar in kira shi da mun isa in yi masa bayani sosai. Na kira a ranar, ba ta shiga ba. Na kira washegari, na kira jibi. A satin nan sabis ya ɗauke a Shinkafi, duk wanda ke da ɗan'uwa a can yana ta kuka da haka. Na ce wa kaina ai na faɗa masa, kuma ya ce ya ji.

Alhamis ta zagayo Baba na kwance da zazzaɓin damina, sai na tafi ni kaɗai. Na tarar da Kawu Tambari ya sa wankakkiyar riga, abin da ban taɓa gani a jikinsa ranar aiki ba. Ya leƙa bayana.

"Ina tsohon?"

Na ce ba ya jin daɗi.

"Kash. Na so in ga idonai. To zauna, kai ka gani a madadinai."

Ya jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin benci, a naɗe cikin farin ƙyalle, ya ɗora a cinyata ya ce in buɗe da bisimilla. Na buɗe.

Mitar ce, an rufe ta tsaf, zoben ya zauna kamar ba a taɓa ɗaga shi ba. Allurar an yi mata sabon jan baki. A ƙarƙashinta baƙin faranti ne mai sheƙi, da lambobi farare, miƙaƙƙu, kowace daidai da 'yar'uwarta, irin na kamfani.

Kawu ya sa wata 'yar waya a bayan mitar ya murza da yatsu, allurar ta tashi sumul ta koma.

"Ka gani? Ta asali ce, ba ta Chana ba. Wani tsohon makanike a Zurmi ke da gawar irin wanga mashin a bayan gidanai, na tuna da shi. Ran Lahadi na tahi, direba ya juyo da mu daga rabin hanya, an ce akwai mutanen daji a gaba. Litinin na sake komawa. Matata har kuka ta yi, ta ce a kan gwangwani za ni kashe kaina. Na ce ba gwangwani ba ne, Dalhatu ne. Mutumen ga an ƙone mashi gida, an raba shi da gona, bai roƙi kowa komi ba. Abu guda ya kawo mani da hannunai, in mayar mashi da shi da rubutun kaza?"

Na ce, "Kawu, ina tsohon farantin?"

"Naka? Kar ka ji haushi, ɗana. Na so in bar maka shi, wallahi na so. Na tsoma shi a fetur in kashe tsatsar, na bi shi da buroshi, kafin in ankara fentin duk ya bi. Fentin ƙofa ne ka sa, ba ya jimre fetur. Shi ya sa ma na ce sai na nemo wani."

Ya miƙa hannu kan teburin aikinsa ya ɗauko wani abu da ya tara ƙananan notoci a kai, ya juye su a tafinsa, ya ba ni. Faranti ne na ƙarfe, fari fat, da rami a tsakiya. Na juya shi. Na duba gefen da zobe ke rufewa. Babu komai, sai warin fetur.

Haka makanikai suke yi, duk abin da ya zo hannunsu fetur ne wankansa na farko. Ni ma da na yi faci haka na ga ana yi.

"Haladu, mi ne ne? Don wanga ne idonka ya yi ja? In rubutu kake so in ba ka allon rumfata ka yi ta yi."

Na ce, "Kawu, ba ni na rubuta ba. Yaya Safwan ne."

Ya dube ni, ya dubi farantin. Notocin da ke hannunsa suka zube ƙasa bai bi su ba. Ya ja baya ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Wani ya turo babur bakin rumfar yana sallama, Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce yau ba aiki.

"Mi ya hana shi faɗa mani?" Ya girgiza kai tun ban amsa ba. "A'a. Ba ya iyawa. Ni ne ya kamata in gane. Yaushe Dalhatu ya taɓa sakaya sunanka? Kai sunanka yake kira har da zagi a kai. Ina zaune ina yi mashi dariya, ina cewa kaza, shi kuma yana taya ni."

Ya goge fuska da hular.

"Ka san ranar sunan yaron ga ubanka gona ya gudu? Tun da asuba ya ɗauki fartanya, rani ne fa, ba abin da za a noma. Ni na tsaya na karɓi baƙi, ni na riƙe ragon. Ni na fara faɗin sunan ga mutane." Ya nuna kwanon fetur da ke gefen teburin. "Ga shi can. Ban ma zubar ba."

Na duba. Fetur ne baƙi, da ɗan fari-fari kwance a ƙasa.

Na ciro kuɗin aikin da Baba ya ba ni in ba shi, ya ture hannuna bai ko duba ba. Da zan tafi ya riƙe mini hannu ya ce, "Kar ka faɗa mashi na sani. In ya san na sani, dole ya ce mani ba komi, ni kuma ba ni iya jin wannan daga bakinai."

Na iso gida kafin magariba. Baba ya ɗan ji sauƙi, yana zaune a zaure da bargo a kafaɗa, kusa da babur ɗin da ke tsaye da rami a sama da fitila. Na yi tunanin in fara yi masa bayani, ban sami ta inda zan fara ba. Na miƙa masa ƙunshin.

Ya buɗe. Ya kai shi wurin haske kamar yadda ya yi wancan karon. Ina kallon yatsansa yana bin gefen zoben.

Ya ce, "Tambari ya yi aiki."

Na ce, "Har Zurmi ya tahi neman farantin. Sau biyu."

"Har Zurmi." Ya gyaɗa kai a hankali. "A wanga hali. In sabis ya dawo ka kira shi, ka ce bawanai ya gode."

Bai taɓa yarda ya ce shi ne bawan ba, ko da wasa.

Bai tambayi tsohon farantin ba, ni ma ban fito da shi ba. Ya ce in ɗaura. Na ɗaura, na mayar da waya da fitila. Da safe ya ce in tayar in zagaya a gani. Na bi titin tashar jirgi na dawo, allurar tana hawa tana sauka ba ko rawa. Na gaya masa. Ya ce madalla.

Bayan kwana kaɗan na sayo ƙaramin gwangwanin farin fenti da na baƙi. Na shafa wa tsohon farantin baƙi na bar shi ya bushe, na zauna a bayan ɗaki da tsinken ashana. Na ɗauka na haddace lambobin nan, tun ina yaro nake ganin su. Da na zo rubutawa sai na rasa ko shidan sittin hagu ta karkata ko dama. Na rasa ko sifili biyun da ke cikin ɗari a haɗe suke ko a rabe. Na rubuta ashirin, ta fito irin rubutuna. Na goge na sake, ta sake fitowa irin rubutuna.

Ban ji zuwan Inna ba sai da inuwarta ta faɗo kan farantin. Ta tsaya tana kallo, da ƙwaryar tsaba a hannu. Ban taɓa gaya mata ba, amma ta gane ko mene ne.

Ta ce, "Bari, Haladu."

"Inna, in na yi a hankali..."

"Bari. Kar ya gani."

Ta karɓi farantin da fentin bai bushe ba, ta shige ɗaki da shi. Ban san inda ta sa shi ba, ban kuma tambaya ba.

Kafin damina ta ƙare Baba ya fitar da babur ɗin daga zaure ya mayar da shi bayan gida wurin turmi. Maƙwabcinmu ya zo aro zai kai buhu injin niƙa, Baba ya miƙa masa makulli ya ce ya riƙe a wurinsa, duk mai bukata a layin ya karɓa. Yanzu kusan kullum ina ganin Hondar a gari, wani a kai da buhu ko da jarkoki, masu shayi suna cewa tsohuwar nan mitarta ta fi ta sababbi aiki. Da sabis ya dawo na kira Kawu Tambari na isar da saƙon. To kawai ya ce. Da can duk salla yana zuwa wurinmu ya kwana biyu suna zagin juna da Baba. Babbar salla ta wuce bai zo ba, ya aiko da cinyar rago a mota.

Abin da muka rasa ba shi da yawa in aka faɗe shi. Lambobi takwas na farin fenti, daga sifili zuwa ɗari da arba'in. Ɗigo ɗaya kore. Sawun yatsa ɗaya. Da baƙon salla ɗaya.